Ɗaukar Hoton Ƙanƙarar Afirka: Tambayoyi da Amsoshi kan Kilimanjaro, Dutsen Kenya da Ruwenzori

Da an ambaci hoton tsaunuka da tafkuna da ƙanƙara, hankalin yawancinmu Turai ko Kanada yake tafiya. Alhali nahiyarmu tana da tata ƙanƙarar a gabashin Afirka, kuma tana ƙarewa a kan idonmu. Ga tambayoyin da mai sha'awar ɗaukar hoto zai so a amsa masa kafin ya ɗaure kaya.

Da gaske akwai ƙanƙara a Afirka? A ina take?

Akwai. Amma a rarrabe abu biyu. Dusar ƙanƙara takan zuba a wurare da dama, kamar tsaunukan Atlas na Maroko da ƙasar Lesotho, ta kwana biyu ta narke. Abin da muke magana a kai dabam ne: dusar da ta taru shekara bisa shekara, ta danne junanta har ta zama daskararren dutse na ruwa, wani lokaci nauyinta ya sa tana gangarowa a hankali. Irin wannan, wurare uku kaɗai suka rage da ita a Afirka. Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895. Dutsen Kenya, wanda ƙololuwarsa Batian ta kai mita 5,199. Sai jerin tsaunukan Ruwenzori a kan iyakar Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ƙololuwar Margherita ta kai mita 5,109. Duka ukun suna dab da layin da ya raba duniya biyu, tsananin tsayi ne kawai ya riƙe musu sanyin.

Me ya sa ake ta cewa a yi sauri?

Saboda abin da aka auna. A shekarar 1912 ƙanƙarar Kilimanjaro ta rufe fili fiye da murabba'in kilomita 11. Zuwa 2011 abin da ya rage bai kai murabba'in kilomita 2 ba, wato kusan kashi 85 cikin ɗari ya tafi. A Ruwenzori, lokacin da ayarin Basaraken Abruzzi na Italiya ya hau a 1906, tsaunuka shida ne ke ɗauke da ƙanƙara. A farkon shekarun 2000 uku suka rage, wato Stanley da Speke da Baker. Ƙanƙarar Lewis ta Dutsen Kenya, ɗaya daga cikin waɗanda masana suka fi bibiya a yankunan zafi, yanzu guntaye ce. Hukumar UNESCO ta faɗa a 2022 cewa da wuya ƙanƙarar Kilimanjaro da ta Dutsen Kenya su wuce 2050.

Shi ya sa ban ɗauki wannan aiki a matsayin neman hoton ado kawai ba. Wanda ya tsaya gaban wannan ƙanƙara da kyamara a yau shaida yake ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba. Yaron da aka haifa bana, in ya girma, mai yiwuwa a hoto kaɗai zai gan ta.

Dole sai na hau tsaunin kafin in sami hoto mai kyau?

A'a. Hoton Kilimanjaro da duniya ta fi sani, giwaye a gaba tsauni a baya, ba a Tanzaniya ma ake ɗaukar sa ba. Daga gandun dajin Amboseli ne na Kenya, fiye da kilomita 40 daga ƙololuwar. Sai dai daga can gefen arewa kake kallo. In kana son ganin harsunan ƙanƙarar da suka zubo ta kudu, garin Moshi ya fi, kuma daga saman bene a cikin garin ma ana ganin su in gari ya waye tas. Dutsen Kenya yakan bayyana da kyau daga wajen Nanyuki da sassafe.

Ruwenzori ne ba ya yarda. Gajimare ke lulluɓe da shi mafi yawan shekara, mutum yana iya kwanaki a Kasese bai ga ƙololuwa ba. Shi kam sai an shiga da ƙafa, cikin taɓo da ruwan sama, tafiyar mako guda ko fiye.

Wane lokaci na shekara ya fi?

A Kilimanjaro da Dutsen Kenya, daga Janairu zuwa farkon Maris, sai kuma daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba. Babbar damina tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙarama kuma wajen Nuwamba. A Ruwenzori ruwa yana sauƙi daga Disamba zuwa Fabrairu da kuma Yuni zuwa Agusta, amma sauƙi kawai yake yi, ba ya ɗaukewa.

Akwai abu guda da ya kamata ka yanke tun daga gida. In farin tsauni kake so, ka je bayan ruwa ya ɗauke da 'yan kwanaki, lokacin sabuwar dusa ta rufe ko'ina kuma ƙura ta kwanta. In kuwa gaskiyar ƙanƙarar kake son nunawa, ƙarshen rani ya fi, domin dusar ta narke, iyakar tsohuwar ƙanƙara ta fito fili. Hoton da aka ɗauka washegarin zubar dusa yana iya sa mai kallo ya zaci babu abin da ya ragu.

A yini fa, wane lokaci?

Wanda ya saba tashi sallar asuba ya riga ya ci rabin wannan jarrabawa. Tsaunukan nan sun fi fitowa daga ketowar alfijir zuwa hantsi. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗumama, tururi ya taso daga dazuzzukan gindin tsauni, kafin ƙarfe goma gajimare ya rufe. Wani lokaci yakan sake buɗewa dab da magariba, amma ba abin dogaro ba ne.

Kuma kada littattafan Turawa su yaudare ka da zancen doguwar sa'ar haske mai ruwan zinare. A ƙasashensu rana a karkace take fitowa, haske mai laushi ya daɗe. A nan tsaye take miƙewa, kamar dai yadda muka san ta a Kano ko Damagaram. Jan hasken da ke fara taɓa ƙanƙara tun ƙasa tana cikin duhu, 'yan mintoci ne. Don haka tun da rana ka je ka ga wurin, ka zaɓi inda za ka tsaya, ka dawo cikin duhu ka kafa kaya ka jira.

Masu hawa Kilimanjaro ta zangon Barafu sukan tashi da tsakar dare, su iso bakin ramin da ke saman Kibo, wato kan tsaunin mafi tsayi, wajen da ake kira Stella, daidai fitowar rana. Rana tana fitowa ta wajen Mawenzi, ɗaya kan tsaunin da ke gabas, haƙoran duwatsunsa baƙi ƙirin a gaban jan sama. Kowa can yake kallo. Ka ɗauka, sannan ka juya yamma: inuwar Kilimanjaro kanta tana kwance a kan gajimare, Dutsen Meru yana leƙowa a nesa. Mutane da yawa gajiya ba ta barin su waiga.

Waya ta isa, ko sai babbar kyamara?

Wayar zamani tana ɗaukar faɗin fili da kyau in akwai haske, kuma ba ta da nauyi, wanda a mita 5,000 ba ƙaramin abu ba ne. Inda take gazawa uku ne: janyo abu mai nisa, duhun asuba, da sanyi. Daga Amboseli, waya za ta mayar da Kilimanjaro ɗan tudu a ƙarshen fili. Girman da kake gani a hotunan ƙwararru, gilashi mai janyo nesa ne ya kawo shi, daga milimita 200 zuwa sama, mai ɗaukar hoton ya ja da baya nesa da giwayen, sai tsaunin ya cika bayansu.

In da hali, kyamara ɗaya da gilashi biyu sun wadatar: mai faɗi wajen milimita 16 zuwa 35, da mai janyowa wajen 70 zuwa 200. Ka haɗa da mazaunin kyamara mai ƙafa uku, marar nauyi amma wanda iska ba za ta kayar ba. Tsohuwar kyamarar da hannunka ya saba da ita ta fi sabuwar da za ka tsaya neman maɓallanta da safar hannu a cikin duhu.

Me ya sa ƙanƙara ke fitowa toka-toka a hotona?

Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Da ya ga fari ya cika fili sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Maganin shi ne ka ƙara haske da hannunka, mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu. A waya ma haka ne, ka taɓa allon ka ja alamar rana sama kaɗan.

Kada kuma ka zarce. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, kuma kyan ƙanƙara yana cikin layukanta ne. Bangon ƙanƙarar da ke saman Kibo a tsaye yake kamar an yanka da wuƙa, wani wurin ya fi bene tsayi, jikinsa da zane-zanen shekaru da ƙurar da ta kwanta tsakaninsu. Busasshiyar iska da zafin rana ne suka sassaƙa shi haka, domin wani ɓangare na ƙanƙarar can yana zama tururi kai tsaye ba tare da ya zama ruwa ba. In waɗannan layuka suka ɓace, farin allo kawai ka ɗauko. Kada ka amince da idonka a kan allon kyamara cikin wannan ƙyalli. Ka duba jadawalin haske da kyamara ke nunawa (histogram), ka tabbata tudun da ke cikinsa ya matso dama amma bai manne da ƙarshen jadawalin ba. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 in haske ya isa, buɗewar gilashi tsakanin f/8 da f/11.

Shuɗin da ke cikin tsaguwar ƙanƙara na gaske ne. Ƙanƙarar da ta danne sosai tana shanye jan haske ta bar shuɗi ya fito. Ya fi bayyana a inuwa ko ranar da gajimare ya rufe, saboda haka ranar lumshi ba ranar asara ba ce.

Yaya zan nuna girman abin?

Ka sa wani abu da ido ya san girmansa. Mutum guda a gindin bangon ƙanƙara, ko tanti, ko layin masu hawa da fitilunsu. Ba tare da shi ba, mai kallo ba zai bambance bangon mita ashirin da ɗan guntun da ke cikin firji ba.

A ƙasa da ƙanƙarar, wajen mita 3,500 zuwa 4,500, tsaunukan uku suna da tsirran da babu irinsu sai a dogayen tsaunukan wannan yanki na Afirka: dogaye masu kauri da ganye a cure a ka, wasu sun fi mutum tsayi sau biyu ko uku. A kwarin Barranco na Kilimanjaro da kwarin Mackinder na Dutsen Kenya suna da yawa. A ganina su ne mafi dacewa da gaban hoto, domin da an gan su an san Afirka ce. Hoton farar ƙololuwa ita kaɗai zai iya zama na kowace ƙasa.

Tafkunan fa, wanne zan nema, kuma yaya ake kama hoton tsauni a cikin ruwa?

A Dutsen Kenya, Tafkin Michaelson da ke kan hanyar Chogoria, a ƙasan wani kwari mai dogayen bango. Ƙanƙarar zamanin da ce ta haƙa kwarin ta tafi ta bar ruwan. A Ruwenzori, Tafkin Bujuku yana zaune tsakanin Stanley da Speke da Baker, ruwansa baƙi, sai kuma tagwayen tafkunan Kitandara. A gindin Kilimanjaro ta gabas akwai Tafkin Chala a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, kan iyakar Kenya da Tanzaniya, ruwan da ya tsiyayo ta ƙarƙashin ƙasa daga tsaunin ne ke ciyar da shi. Tafkunan Momella na gandun dajin Arusha kuma suna da tsuntsaye, kuma in gari ya yi garau ana hango Kilimanjaro daga can.

Ruwa ba ya zama madubi sai iska ta kwanta, iska kuwa ta fi kwanciya kafin rana ta fito. Ka sauke kyamarar ƙasa sosai, kusa da fuskar ruwa, domin yadda ka sunkuya haka surar tsaunin ke ƙara cika ruwan. Ba sai babban tafki ba, ɗan kududdufi a gefen hanya yana iya ɗauke tsauni sukutum. Surar da ke cikin ruwa kullum ta fi ainihin tsaunin duhu. Ka bar ta haka wajen gyara, in ka daidaita su ido zai ji akwai ƙarya ko da bai gane inda take ba. In iska ta motsa ruwan kuma, kada ka tattara kaya. Ka sa gilashin rage haske, ka bar kyamara a buɗe daƙiƙa goma zuwa talatin a kan mazauninta, ruwan zai fito sumul.

Gilashin kashe ƙyalli yana da amfani a can?

Yana da shi, amma da hankali. A tafki yana cire ƙyallin saman ruwa ya nuna duwatsun ƙasa, wanda ke nufin yana iya goge surar tsaunin da ka zo nema. Ka riƙa juya shi kana kallo. A can sama kuwa sararin samaniya ya riga ya yi shuɗi mai duhu saboda ƙarancin iska. In ka ƙara masa wannan gilashi sai ya koma kusan baƙi, kuma da gilashi mai faɗi za ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu. Sama da mita 4,500 gara ya zauna a jaka.

Yaya zan kare kayana daga sanyi?

A daren hawa ƙololuwar Kilimanjaro sanyi yakan sauka ƙasa da sifili da digiri goma ko fiye, ga iska. Batir yana mutuwa da wuri a haka. Ka tafi da uku ko huɗu, ka sa su a aljihun ciki kusa da jiki, da dare kuma su kwana tare da kai a cikin jakar barci. Batirin da ya nuna ya ƙare, in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. A jirgin sama batura a jakar hannu ake sa su.

Sai raɓa. In ka shigo da kyamara mai sanyi cikin tanti mai ɗumi, ruwa zai taru a kanta har cikin gilashi. Ka rufe ta cikin jaka tun kana waje, ka bar ta ta ɗumama a hankali. Ka sayi jakar hana ruwa ta gaske, domin Kenya ta haramta ledar sayayya tun 2017, Tanzaniya kuma ta bi sahu a 2019. A Ruwenzori wannan jaka ita ce ran kayanka. A hanyoyin Kilimanjaro na rani kuwa ƙura ce abokiyar gaba, don haka ka rage canza gilashi a fili.

Lafiyar jikina fa?

Wannan ya fi duk abin da aka faɗa a sama. A ƙololuwar Kilimanjaro, iskar da kake shaƙa a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Ciwon tsayi ba ruwansa da ƙarfi ko ƙuruciya. Ka zaɓi hanya mai kwanaki da yawa, kamar Lemosho ta kwana bakwai ko takwas, maimakon mai kwana biyar. Ribar biyu ce, jiki ya saba, kuma ka sami safiya da yawa ta ɗaukar hoto. Ciwon kai mai tsanani, amai, tangaɗi, ko tari da ƙarancin numfashi kana zaune, duk alamun a sauka ne nan take.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Cutar sikila tana da yawa a ƙasar Hausa, kuma ƙarancin iska yana tayar da ita. Mai SS bai kamata ya yi wannan hawa ba. Mai AS ma, wanda yawanci lafiyarsa lau, an san tsayi yana iya taɓa masa saifa. Ka san ko AA kake, ko AS, ko SS, ka ga likita kafin ka biya kuɗin tafiya. Wanda aka hana hawa, Amboseli da Moshi da Chala suna nan. Ka kuma nemi tabarau mai kare ido sosai, domin ƙyallin ƙanƙara yana ƙona ido.

Akwai izini ko dokokin da zan sani?

Ba a hawa Kilimanjaro sai da jagora mai lasisi, ta hannun kamfanin da aka yi wa rajista. Jirgi marar matuƙi ba a tayar da shi a gandayen dajin ƙasashen nan sai da izinin hukuma a rubuce, kuma neman sa yana ɗaukar lokaci. Hoton kasuwanci ko fim shi ma izininsa dabam. Kada ka hau kan ƙanƙarar ko ka tsaya ƙarƙashin bangonta don neman kusurwa, tana ɓallewa.

Sannan mutanen da za su ɗauki kayanka. A Kilimanjaro da yawansu Chagga ne da maƙwabtansu, a Ruwenzori kuma Bakonzo. Ƙa'idar Kilimanjaro ita ce kada kayan ɗan dako su wuce kilo 20, saboda haka duk ƙarfen da ka ƙara a jaka, a kan wani zai hau. Ka gaishe su, ka san sunayensu, ka nemi yardarsu kafin ka ɗauke su hoto, in ka yi alkawarin turawa ka tura. Jagoran da ya shekara ashirin yana hawa zai nuna maka daidai inda ƙanƙara take a da, kuma wannan ilimi ba ya cikin taswira.

Har ina ya halatta in gyara hoto?

Gyaran haske da launi don hoton ya yi kama da abin da idonka ya gani, wannan aiki ne. Ƙara ƙanƙara inda babu, ko ɗauko sararin wata rana a liƙa, wannan ya fita daga shaida. Dalilin da ya sa nake tsananta wa a nan shi ne abin da tsofaffin hotuna suka yi mana. Vittorio Sella, Ba'italiyen da ya raka ayarin 1906 zuwa Ruwenzori, ya ɗauki ƙololuwan a kan faranti na gilashi. Bayan fiye da shekara ɗari, masu bincike suna komawa su tsaya inda ya tsaya, su ɗauki wuri ɗaya, a jera biyun a ga abin da ya tafi. Da ya ƙawata hotunansa da ƙarya, da ba su da wannan amfani. A 2014 wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, Simon Norfolk, ya bi tsohuwar iyakar ƙanƙarar Lewis da dare yana riƙe da wuta, kyamara a buɗe, sai layin wutar ya zana inda ƙanƙarar ta kai a 1934, ga kuma abin da ya rage can nesa a bayansa.

Kai ma ka daidaita kwanan wata da agogon kyamararka, ka kunna alamar wuri, ka rubuta inda ka tsaya da inda ka fuskanta. Ka adana asalin hoton da ba a taɓa ba a wuri biyu.

Ba ni da kuɗin tafiya yanzu. A ina zan fara koyo?

A gida. Babu ƙanƙara, amma duk sauran darussan suna nan. Duwatsun Shere a Jos da Dutsen Kufena a Zariya za su koya maka hasken asuba a jikin dutse. Madatsar ruwa ta Tiga za ta koya maka sura a cikin ruwa da jiran iska ta kwanta. Tsaunin Mambila da Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi ko'ina tsayi a Nijeriya da mita 2,419, za su nuna maka yadda gajimare ke cika kwari da safe. A Nijar akwai tsaunukan Ayar a arewacin Agadas. Ko'ina za ka je, ka fara tambayar mutanen wurin halin tsaro da na hanya.

Hazon hunturu ma malami ne. Yana ɓoye nesa, amma yana jera tuddai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na gabansa haske, kuma gilashi mai janyo nesa yana son wannan. Don koyon farin ƙanƙara kuwa, ka sa wani ya tsaya da farar shadda a rana tsaka, ka yi ta gwadawa har farin ya fito fari kuma zanen shaddar bai ɓace ba.